Hujjar da Ta Kori Mama Esta

A damunar shekarar 2013, cikin watan Agusta, yara suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya a gidan hayar Baba Ndagi da ke unguwar Shango a Minna. Gida ne mai ɗakuna goma sha ɗaya da suka zagaye tsakar gida, da rijiya a kusurwar gabas, da wata gajeriyar katanga da ta raba tsakar gidan da ban-ɗaki. Shekinah ce ta fara, ƙaramar 'yar Helen mai ɗinki. Amai da gudawa suka sa ta gaba har idanunta suka faɗa. Bayan kwana biyu 'ya'yan Ndatsu direba su biyu suka bi sahu. Kafin mako ya zagayo yara biyar ne a kwance, gidan kuwa ba ka shigarsa sai ka toshe hanci.

Malama Elizabet tana ɗaki na huɗu. 'Yar kudancin Kaduna ce, shekararta goma sha huɗu tana koyar da lissafi a wata sakandare mai zaman kanta a Minna. Ɗanta tilo ya tafi hutu wurin kakarsa, don haka ba ta da marar lafiya a ɗaki, amma ita ce ke haɗa ruwan gishiri da sukari tana bi ɗaki-ɗaki, ita ce kuma ta raka Helen asibiti har sau biyu. Mace ce mai ƙyanƙyami, ko cokalin wani ba ta ci da shi, amma a makon nan ta wanke zannuwan da ba ta son tunawa.

Tun rana ta uku ta fara jin sunan Mama Esta a bakin mata, ana faɗa ana rage murya. Esta tsohuwa ce 'yar ƙabilar Gbagyi daga Paiko, mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana zaune a ɗakin da ke bakin ƙofa, tana dama kunun zaki tana sayarwa a gaban gida. Ba ta zama hira da kowa, ta fi son ta zauna kan kujerar tsuguno tana tace gasara tana magana da kanta. Yara suna son ta saboda ba ta hana su ragowar bokiti.

Ranar Lahadi bayan la'asar, masu coci sun dawo, masu masallaci sun idar, Baba Ndagi ya sa aka shimfiɗa tabarmi ya tara 'yan haya. Elizabet ta zo da takardar da aka ba su a asibiti a kan tsabtar ruwa, tana zaton maganar da za a yi ke nan. Sai ta ga an ajiye wa Esta kujera ita kaɗai a tsakiya, an bar fili tsakaninta da mutane.

Wanda ya tashi magana Wisdom ne, babban ɗan Helen, yayan Shekinah. Yana aji uku a jami'a, yana karatun gine-gine, yajin aikin malamai ne ya dawo da shi gida. Elizabet ce ta koya masa lissafi a sakandare, har da babin da ake kira lojik. In Turanci ya ƙi shiga kan yara takan juya zuwa Hausa ta ce musu hujja ba hayaniya ba ce, jerin maganganu ce. Na farkon su ne ginshiƙai, wato abubuwan da ka ce gaskiya ne. Na ƙarshe shi ne hukunci, abin da ka ce dole ya biyo baya. Tambaya biyu ake yi wa kowace hujja: ginshiƙan nan gaskiya ne? In ma gaskiya ne, hukuncin daga cikinsu ya fito ko liƙa shi aka yi? A aji mai yara arba'in, Wisdom ne kaɗai ya kama abin tun ranar farko, ta kuma sha yin alfahari da shi a ɗakin malamai.

Ya gaida Baba Ndagi, ya gaida iyaye, ya ce shi ba zagi ya zo yi ba, ba kuma camfi ya kawo ba.

"Zan jero magana uku," in ji shi, "duk wanda ya ga ƙarya a ciki ya tsayar da ni. Ta farko: yaran nan biyar, kowannensu ya sha kunun Mama Esta. Ta biyu: ita Mama Esta lafiyarta ƙalau, ko ciwon kai ba ta yi ba. Ta uku: duk wanda abincinsa ke kwantar da mutane amma bai kwantar da shi ba, ya san abin da ke ciki. To, in ukun nan gaskiya ne, ba ni na yanke hukunci ba, maganar ce ta yanke kanta. Mama Esta ta san abin da ta ba yaran nan."

Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Ndatsu ya ce wannan shi ne amfanin boko. Elizabet kuwa nan take ta gane hujjar. Abin da mata ke raɗawa a bakin murhu ne sak, sai dai an wanke shi, an goge, an sa masa lamba ɗaya, biyu, uku, kuma da kayan aikin da ita ta ba shi. Har yadda yake ɗaga yatsu irin nata ne a gaban allo.

"Ni zan tsayar da kai," ta ce.

"Bismillah, Malama."

"Ta farko gaskiya ce, sun sha kunu. Amma sun sha ruwan rijiya, sun ci tuwon iyayensu, sun yi wasa a kwata ɗaya. Me ya sa ka zaɓi kunu? Kuma mutum nawa ne a layin nan ke shan kunun nan kullum? Masu facin taya, 'yan acaba, ni kaina. Wa ya kwanta a cikinmu?"

"Manya ne, Malama. Jikinsu ya fi ƙarfi."

"To, ita ma babba ce. Ka ga ta biyunka ta tashi a banza. Ta uku kuwa, a ina ka samo ta? Ka ce duk wanda abincinsa ya kwantar da mutane, alhali ba ka nuna kunun ne ya kwantar da su ba. Abin da kake son ka tabbatar shi ne ka cusa a cikin ginshiƙi, sannan ka zaro shi a ƙarshe kamar yanzu ka gano shi. Kuma ga jaririn Ndatsu, watansa bakwai, bai taɓa shan kunu ba. Jiya ya fara gudawa."

Wisdom bai kalle ta ba, ya juya ga matar Ndatsu.

"Anti, kina shan kunun?"

"Ina sha."

"To, ta nono ya samu."

Aka sake gyaɗa kai, har da ajiyar zuciya, kamar an ceto wani abu da ya kusa faɗuwa. Daga nan duk ramin da Elizabet ta nuna sai a cike shi nan take. Ta ce Esta ba ta dama kunu da ruwan gidan nan, na burtsatse take saya wurin 'yan garuwa. Helen ta ce ai shi ya sa, me take gudu a ruwan da kowa ke sha in ba ta san wani abu ba? Elizabet ta ce shekara tara Esta tana sayar da kunu ba wanda ya taɓa kuka. Aka ce lokaci take jira. Wata ta tuna cewa mijin Esta ma ciwon ciki ne ya kashe shi. Wata ta ce ta taɓa ganin ta tana magana ita kaɗai tana kallon ɗakin Helen.

Baba Ndagi ya tambayi Esta ko tana da abin cewa. Tsohuwar ta dubi hannuwanta da gasara ta bushe a kai.

"Ni bai sa komai ba," ta ce da Hausarta ta 'yan koyo. "Gero ne, da citta, da dankali. Shekinah ɗana ne. Ni ya goya shi."

Helen ta tofar da yawu gefe. Baba Ndagi ya ce shi ba alƙali ba ne, amma zaman lafiyar gidansa ya fi masa komai, don haka ya ba Esta kwana uku ta nemi wani wuri.

A nan ne Elizabet ta yi abin da ya daɗe yana cin ta daga baya. Ta miƙe ta ce, "Baba, a faɗi gaskiya mana. Ɗakin bakin ƙofa ake so a mayar shago, shi ya sa aka shirya wannan wasan."

Tsohon ya dube ta ya daɗe, sannan ya naɗe tabarmarsa ya shige. Wanda duk yake da ɗan shakku a kan laifin Esta ya watsar da shi, aka koma maganar rashin kunyar Malama.

Ranar Laraba da hantsi ɗan'uwan Esta ya zo da a-kori-kura. Elizabet kaɗai ta taya su ɗaukar kaya: tukwane biyu manya, rariya, katifa, akwatin ƙarfe. Mata suna leƙe ta labule. Motar na tashi Helen ta fito da ruwan gishiri ta yayyafa a bakin ƙofar tana addu'a da ƙarfi, matar Ndatsu kuma ta kawo garwashi da turare. Tun da Elizabet ta zo gidan ba ta taɓa ganin matan nan biyu sun haɗa kai a kan komai ba sai ranar.

Ciwo bai bi Esta ya tafi ba. Cikin kwana goma yara biyu suka ƙaru, Ndatsu da kansa ya kwanta. Elizabet ta zaci wannan zai sa a dawo cikin hankali. Ta tari Helen a bakin rijiya ta ce mata, ga shi mai kunu ta tafi, ba kunu, ciwo yana nan.

"Ai irinsu ba sa tafiya da abinsu," in ji Helen. "Binnewa suke yi."

Da safiyar wata Asabar, bayan ruwan sama mai yawa, Elizabet ta ja guga don wanki. Ita ruwan leda take sha tun da daɗewa, na rijiya sai wanka da wanki, shi ya sa ba ta taɓa kai shi kusa da hanci ba. Ranar ta kai. Wari ne siriri, ba mai ƙarfi ba, amma duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan masai ya san shi. Ta ɗauko farin ɗankwali ta tace guga uku a kai. Abin da ya rage a kan ƙyallen ya sa ta saki gugar ta koma gefe ta yi ta kakarin amai. Da wannan ruwan ake dafa abinci a ɗakuna tara. Da shi ita kanta ta haɗa wa yara ruwan gishiri da sukari a ranakun farko, duk lokacin da na leda ya ƙare mata.

Ta zagaya bayan gajeriyar katangar. Tsohon ramin masai ya cika tun farkon damuna, an haƙa sabo a watan Yuli. Ta san da haka, kowa ya sani, amma katangar ta sa ba wanda ya taɓa haɗa shi da rijiya a ransa. Ta auna da ƙafa daga murfin ramin zuwa katanga, ta zagayo ta auna daga katanga zuwa bakin rijiya. Taku bakwai ne duka, kuma ramin ne a tudu. Tana tsaye a wurin ta tuna wanda Baba Ndagi ya damƙa wa aikin saboda yana karatun gine-gine, wanda ya yi kwana huɗu yana tsaye kan leburori da igiyar awo a hannu.

Ta same shi a ƙofar gida yana wanke takalmi. Ta shimfiɗa ɗankwalin a kan benci kusa da shi.

"Taku nawa littafinku ya ce a bari tsakanin masai da rijiya?"

Wisdom ya dubi ƙyallen, ya kau da kai. Bai tambaye ta mene ne ba, wannan kuwa ya ishe ta amsa.

"Tun yaushe ka sani?"

"Ban sani ba, Malama. Zargi na yi."

"Tun yaushe?"

"Ranar da aka kai Shekinah asibiti karo na biyu." Ya ajiye burushin. "Can baya dutse ne, leburori suka ce ba za su iya fasa shi ba. Nan ne kawai ƙasa ke da laushi. Na ce a yi siminti mai kauri, na ɗauka zai riƙe."

"Sai ka tashi gaban mutane ka jero magana uku."

"Malama, sun riga sun yanke. Tun kafin in buɗe baki sun yanke. Da ban yi magana ba dukanta za su yi, Ndatsu har ya ɗauko bel ɗin mota. Ni na sa aka yi abin cikin tsari, ta tafi ba wanda ya taɓa ta."

"Ka kuma bar ƙanwarka tana shan ruwan nan mako biyu."

"Ina saya mata na leda. Na ce wa Mama likita ne ya ce."

"Sauran yaran fa?"

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Siffar hujjar daidai take, Malama. In ginshiƙan gaskiya ne, hukuncin dole ne. Ke kika ce siffa daban, gaskiya daban."

Ta dube shi. Yaro ne mai tsabta, farcensa a yanke, rigarsa a goge, yana kuma jiran ta yaba masa ko da kaɗan, kamar yadda ta saba. Ta ji ƙyamarsa fiye da ta abin da ke kan ɗankwalin. Ta naɗe ƙyallen da bakin yatsu ta tafi.

Wurin Baba Ndagi ta nufa. Kafin ta nuna masa komai ta durƙusa ta ba shi haƙuri a kan maganar shago. Ɗakin Esta yana nan a rufe, ba wanda ya taɓa shi, ba kuma mai niyya. Ta ce masa ba ta da wata shaida ranar da ta faɗi haka, haushi ne ya ba ta hukunci ta nemo masa dalili. Tsohon ya ce ya wuce. Da ya ga ɗankwalin ya kuma bi ta suka auna takun tare, sai ya zauna a kan bakin rijiyar yana leƙa cikinta, don jikokinsa ma daga nan ake ɗibar musu ruwa in sun zo.

Ranar Litinin shi da kansa ya je ya zo da duba-gari. Suka leƙa, suka ɗebi ruwa a kwalba, suka sa aka rufe rijiyar da kwano aka ɗora bulo, suka ce a kwashe ramin a cike shi da ƙasa. Gidan ya koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Cikin mako guda gudawa ta tsaya, Shekinah ta fara fitowa tsakar gida tana jan ƙafa.

Elizabet ta jira wani ya ambaci sunan Esta. Ba wanda ya ambata sai Helen, a coci, lokacin ba da shaida. Ta tsaya gaban jama'a da Shekinah a hannu ta gode wa Ubangiji da ya tona asirin maƙiyiya, ya nuna inda ta zuba abinta, wato cikin rijiya. Aka yi tafi. Elizabet tana layi na uku, ta ɗauki jakarta ta fita tun ba a tashi ba. A gida kuwa Ndatsu ya ce shi bai musa maganar masai ba, amma wa ya karkato da ƙazantar ta nufi rijiya, alhali ga ko'ina? Baba Ndagi ya san wanda ya zaɓi wurin ramin, amma ya ce yaro ne, kuskure ne, kada a ɓata masa suna yana tsakiyar karatu. Da Elizabet ta faɗa wa Helen gaskiyar a ɗakinta, Helen ta ce ta daɗe da lura Malama na baƙin ciki da ɗanta, ta kuma daina gaishe ta.

A ƙarshen Satumba Elizabet ta hau bas zuwa Paiko. Ta yi tambaya a kasuwa har aka nuna mata gidan ɗan'uwan Esta, can bayan gari kusa da gonakin doya. Ta sami tsohuwar a gindin mangwaro tana ɓare gyaɗa, ta rame, ba ta kuma dama kunu. Esta ta yi murna da ganinta, ta kawo mata ruwa a kwanon sha, Elizabet ta karɓa ta riƙe a hannu.

Ta ba ta labari duka: rijiya, ramin masai, duba-gari, yaran da suka warke. Ta ce ta zo ne don Esta ta ji daga bakin wani cewa ba ta da laifi, kuma Baba Ndagi ya ce ɗakinta na nan in tana so.

Esta ta girgiza kai. Ta ce ba za ta koma ba, kuma ita ta riga ta san komai tun kafin Malama ta zo.

"Helen ne," ta ce. "Shi ne maye."

"Mama, masai ne. Na gani da idona."

"Ki ji." Tsohuwar ta ajiye gyaɗar ta ɗaga yatsa. "Ciwo ya fara a ɗakin wa? Ɗakin Helen. Wa ya haƙa rami? Ɗan Helen. Wa ya fara kiran sunana? Helen. Mutum ba ya nuna wani da sauri haka sai yana ɓoye nasa."

Ta ce ta kai maganar wurin wani mai gani a ƙauyensu, ya tabbatar mata, kuma duk dangi sun yarda.

Elizabet ta buɗe baki za ta ce biyun farko gaskiya ne amma ba su kai inda ake son kai su ba, ta ukun kuma ba ta da tushe. Ta fara, har ta kai rabi. Esta tana kallon ta da irin kallon da Helen ta yi mata a bakin rijiya, na haƙuri da wanda bai san duniya ba. Sai ta bar maganar. Tsohuwar nan an zalunce ta, an raba ta da sana'arta da ɗakinta na shekara tara, Elizabet ba ta ga ta inda za ta fara yi mata darasi ba. Amma tausayin da ta taho da shi daga Minna ya gauraya da wani abu da ya hana ta sakewa, ta ƙagu ta tashi.

Esta ta ɗaure mata doya uku da ƙullin gyaɗa, ta raka ta har bakin titi, tana ta ja mata kunne kada ta ci komai daga hannun Helen.

Elizabet ba ta ƙara wata biyu a gidan Baba Ndagi ba. Ta sami ɗaki a wani gida mai famfo kusa da makarantarsu ta tashi. Da aka janye yajin aiki Wisdom ya koma jami'a, ta ji labarin ya gama da sakamako mai kyau. Sau ɗaya suka haɗu bayan nan, a bakin kasuwa, ya rusuna ya gaishe ta da fara'a, ya ce har gobe yana faɗa wa abokansa ita ce ta koya masa tunani. Ta amsa gaisuwar a taƙaice, ta ce tana sauri, ta tsallaka titi ta tsaya jiran acaba a ɗaya gefen.